RAWANIN SORO

A duba Kubawar Shari'a, sura 22, aya 8.

A cikin dokokin da Allah ya ba Isra'ila ta hannun Musa akwai wata 'yar ƙarama wadda ba safai a kan yi wa'azi a kanta ba. Dokar magina ce. An umurci wanda ya gina sabon gida kada ya bar saman soronsa sake, sai ya kewaye shi da gajeriyar katanga, domin idan wani ya faɗo daga can ya mutu, mai gidan ne za a tambaya. Gidajen ƙasar Kan'ana masu shimfiɗaɗɗen sama ne, irin sorayen Kano da Zariya. A can bisa a kan yi shanya, a kan sha iska da maraice, a kan kwana lokacin zafi. Maginanmu sun san wannan katanga sarai, suna ce da ita rawani.

Ku lura da abin da dokar ba ta tambaya ba. Ba ta tambaya ko wanda ya faɗo yaro ne mai ƙiriniya, ko makaho ne, ko mashayi, ko kuwa wani ne ya tunkuɗa shi. Mai gida kuma ba shi da damar cewa, "Ai 'ya'yana masu hankali ne, na kuwa gargaɗe su kada su je baki." Gargaɗi yana da kyau, amma ba ya tsaya a maimakon katanga. Sa'an nan lokacin yin ta shi ne sa'ad da gidan ya ke sabo, tun ba wanda ya hau.

Abin da ya sa na tuna da wannan aya, wani dattijo ne ya tsaida ni a ƙofar masujada bayan sujada, da wata takarda a hannunsa. 'Yarsa ce ta kawo daga makaranta, ana neman yardarsa a yi mata allurar rigakafi. Shekararta goma. Ya ce mini, "Malam, an ce cutar nan ta wurin kwana da namiji a ke samunta. Yarinyar nan ko aikin gida ba ta gama koya ba. In na sa hannu, ashe ban ce mata ina tsammanin za ta lalace ke nan ba?" Mutum ne mai tsoron Allah, tambayarsa kuwa ba ta wauta ba ce. Na san iyaye da yawa cikin masu karanta wannan jarida suna da ita a zuciya, ko ba su faɗa ba.

Da fari bari mu san abin da a ke magana a kai. Akwai wata ƙwayar cuta wadda likitoci su ke kira HPV. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai, irinta kuwa sun fi 200. Waɗansu ba su yin kome sai 'yan tsiro masu tauri a fatar hannu ko ƙafa. Waɗansu kuwa suna bin kwanciyar namiji da mace, fata ta taɓa fata. Ta yi yawa cikin duniya har likitoci suna cewa kusan kowane mutum da ya san mace, da kowace mace da ta san namiji, za su gamu da ita wata rana. Yawancin masu ita ba su sani ba, gama ba zazzaɓi, ba ciwo, ba wata alama. A wajen mutum 9 cikin 10 jiki da kansa ya kan kore ta kafin shekara biyu. Amma a jikin waɗansu mata ta kan maƙale a bakin mahaifa, ta yi ta aikinta shiru kamar gara a cikin dirka, shekara 15 ko 20, har naman wurin ya rikiɗa ya zama sankara, wato ciwon daji. Ga macen da ke da ƙanjamau abin ya fi sauri, hatsarinta kuma ya ninka na sauran mata wajen sau shida.

Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya nuna cewa wannan ƙwaya ce tushen ciwon. A shekarar 1983 da 1984 shi da abokan aikinsa suka gano iri biyu mafiya mugunta, waɗanda a ke kira na 16 da na 18. Su biyun nan kaɗai su ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. An ba shi lambar girma ta Nobel a 2008 saboda wannan aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta cewa a shekarar 2022 mata wajen 660,000 suka kamu da ciwon nan, wajen 350,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashen da ba su da wadata. A Nijeriya, bisa ga lissafin 2020, wajen 12,000 suka kamu, 8,000 suka mutu. In ka raba wannan bisa kwanakin shekara, mata 22 ke nan kowace rana. Ba tsofaffi tukuf ba ne yawancinsu. Iyaye ne masu 'ya'ya a gabansu, masu noma, masu sana'a, masu jan waƙa cikin zumuntar mata.

Na san ɗaya daga cikinsu. Matar aure ce a wata ekklesiyar da na yi hidima, miji ɗaya ta taɓa sani, an kuwa ɗaura musu aure a gaban jama'ar Allah. Ta fara ganin jini ba a lokacin al'ada ba, kunya ta hana ta faɗa. Da abin ya yi wari sai ta daina zuwa sujada, gama ba ta so a zauna kusa da ita. Aka sha sassaƙe, aka sayar da akuya, aka sayar da hatsi. Sa'ad da aka kai ta babban asibiti likita ya ce an makara. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki har yau, da labari ya fita cewa ciwon daga wajen kwanciya ya ke, sai waɗansu cikinmu suka fara raɗa. Ta mutu ta bar 'ya'ya biyar, da sunanta a bakin mutane, ba ta yi laifin kome ba. Duk sa'ad da na karanta labarin macen nan ta cikin Markus sura 5, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana zubar jini, ta kashe dukan abin hannunta a wajen masu magani, sai in tuna da ita. Ba a gaya mana sunan ciwon wancan mace ba. Amma an gaya mana yadda Ubangiji ya karɓe ta a gaban taro, bai tambaye ta inda ta samo shi ba.

To, allurar fa, mece ce ita? A 1991 waɗansu masana biyu a birnin Brisbane na ƙasar Ostareliya, Ian Frazer da Jian Zhou, suka sami dabarar ƙera ɓawon ƙwayar kaɗai, ba abin da ke ciki. Kamar a ce an kawo wa mai gadi rigar ɓarawo, ba ɓarawon a ciki, aka ce masa, "Duba da kyau, duk ran da ka ga mai wannan riga, kama shi." Ɓawon ba shi da rai, ba ya haihuwa, ba ya iya sa wa mutum cutar. Jiki ne ya kan gan shi ya shirya makamansa, ya ajiye. An fara yin allurar a Amurka a 2006. Ostareliya ta soma yi wa 'yan makarantarta a 2007, Ingila a 2008, Ruwanda kuwa a 2011, ita ce ta fari a Afirka da ta yi wa ƙasa duka. Nijeriya ta soma ran 24 ga Oktoba 2023, ta ƙarasa sauran jihohi a watan Mayu 2024, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kyauta, allura guda a dantse. Dā sau uku a ke yi, daga baya sau biyu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda guda ɗaya ta isa ga yarinya mai lafiya, bayan gwajin da aka yi a Kenya da waɗansu ƙasashe ya nuna haka.

Me ya sa a ke yi wa ƙanana? Wannan shi ne abin da ya fi damun dattijon nan, amsar kuwa tana cikin ayarmu. Allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta shiga jikinta. Tsarewa kaɗai ta ke yi, saboda haka tilas ta riga cutar isowa, da nisa. Banda wannan, jikin yarinya ya fi na babba karɓarta da ƙarfi. An ga wannan a fili a Ingila. Cikin rahoton da aka buga a 2021, matan da aka kai wa allurar suna da shekara 12 zuwa 13, ciwon ya ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100. Waɗanda aka kai wa suna 14 zuwa 16, kashi 62. Waɗanda sai da suka kai 16 zuwa 18, kashi 34 kaɗai. Ba domin ana zargin yarinya mai shekara goma a ke yi mata ba. Ana yi mata ne domin matar da za ta zama sa'ad da ta kai arba'in.

Yanzu mu zo kan maganar da ta fi nauyi. Wani za ya ce, "Wadda ta kiyaye kanta, ta auri miji ɗaya, ba ta bukatar wannan. Tsarki shi ne rigakafin Kirista." Ni ma ina koyar da tsarki, ba kuwa zan rage ko ɗigo daga cikinsa ba. Da a ce kowane saurayi da kowace budurwa za su kai ranar aure ba su san kowa ba, su kuma zauna da aminci har mutuwa, da wannan cuta ta rasa hanya. Amma ɗan'uwana, 'yarka rabin auren ce kaɗai. Kai ka rene ta, ka san fitarta da shigarta. Wanda za ya aure ta fa, a ina ya ke yau? Watakila yana wani gari da ba ka taɓa zuwa ba. Watakila za ya yi shekarun wauta a bariki, sa'an nan ya tuba da gaske, a yi masa baftisma, ya zama ma dattijon ekklesiya. Allah ya gafarta masa sarai, amma gafarar zunubi ba ta wanke ƙwayar cuta daga fata. Shi kansa ba za ya san yana ɗauke da ita ba, ba kuwa wani gwajin da a ke yi wa maza kafin aure da za ya nuna. Akwai kuma wadda mijinta ya mutu ta sake aure, da wadda ta auri wanda matarsa ta mutu, dukansu bisa ga ƙa'idar ekklesiya. Akwai wadda mijinta ya ci amanarta tana gida tana yi masa addu'a.

Akwai kuma abin da ba mu so mu ambata. Tamar 'yar Dauda ba ta nemi abin da ya same ta ba. A gidan ɗan'uwanta ne, tana hidimar marar lafiya bisa ga umurnin ubanta. Mu da mu ke zaune a zamanin da a ke kwashe 'yan mata daga makaranta da gona, a ke kuma tara iyalai a sansanin gudun hijira, ba mu da bakin cewa irin wannan ba ya faruwa. Wanda aka tunkuɗa daga soro, shi ma katangar dominsa aka yi ta.

Amma bari mu ɗauki abin da uba ya fi tsoro. A ce yarinyar ta girma, ta yi zunubi da son ranta. Ina tambayarka a gaban Allah, kana so hukuncinta ya zama sankara? Kana so bayan shekara ashirin, ta riga ta tuba, ta yi aure, ta haifi jikokinka, sa'an nan ta ruɓe da rai saboda kuskuren dare ɗaya? Ban taɓa ganin uban da za ya amsa i ba. Uban nan na cikin misalin Luka sura 15 bai yi fatan yunwar ƙasa mai nisa ta kashe ɗansa domin ya koyi hankali ba, hanya ya ke dubawa. Sa'ad da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, nan da nan suka shiga neman mai laifi, ko shi ko iyayensa, Ubangiji kuwa ya ƙi bin su wannan hanya, ya buɗe idon mutumin. Sa'ad da aka jawo mace aka tsayar a tsakiya domin a jajjefe ta, ita kaɗai aka kawo, namijin ba a gan shi ba. Wannan cuta ma haka ta ke yi. Mutum biyu su yi abu ɗaya, ko ma namijin kaɗai ya yi, amma yawanci macen ce ta ke biya da ranta. Wanda ya ce wannan ma'aunin shari'ar Allah ne, bai yi tunani a kan abin da ya ke ɗora wa Allah ba. Zunubi yana da sakamako, gaskiya ne. Amma ba a ba iyaye aikin tsare wa cuta hanya domin ta hukunta 'ya'yansu ba.

Saura tsoron cewa allurar za ta ba yara ƙarfin halin yin lalata. An bincika wannan. A wajen birnin Atlanta na Amurka an bi labarin 'yan mata 1,398, waɗansu an yi musu allurar suna da shekara 11 zuwa 12, waɗansu ba a yi musu ba. Rahoton ya fito a 2012, ba a kuwa ga waɗanda aka yi wa sun fi sauran ɗaukar ciki, ko zuwa gwajin cututtukan kwanciya, ko neman maganin hana haihuwa ba. Ni ban yi mamaki ba. A dukan shekarun da na yi ina zama da matasa, ban taɓa gamuwa da yarinyar da ta ce tsoron wani ciwon da ba ta taɓa jin sunansa ba, wanda za ya zo bayan shekara ashirin, shi ya tsare ta. Abin da ke tsare yara shi ne tsoron Allah, da uwa mai magana da 'yarta, da uba mai zama a gida, da abokan kirki. Allurar ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba ta hana ƙanjamau, ba ta hana ciwon sanyi ko tunjere, ba ta hana ciki, balle ta wanke lamiri. Dukan abin da za ka koya wa 'yarka jiya, yau ma yana nan a wuyanka.

Waɗansu kuma su kan ce neman rigakafi rashin bangaskiya ne, Allah shi ne mai tsaro. A kan wannan ba zan daɗe ba. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana. Ishaya ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa daga bakin Allah, shi ne kuma ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Wanda ya ba da shawarar a yi tsalle daga kan haikali domin a ga ko mala'iku za su tare, mun san ko wanene, mun kuma san Ubangijinmu ya ƙi.

Tsoro na ƙarshe shi ne wanda a ke faɗa a kasuwa da cikin mota, wai allurar dabara ce ta hana 'ya'yanmu haihuwa. Ba na yi wa masu wannan tsoro dariya, gama yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara a Kano. Cikin yara wajen 200 da aka sa a gwajin, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu tuna da abin da gudun ya jawo. A 2003 aka tsai da rigakafin shan inna a Kano da waɗansu jihohi saboda irin wannan jita-jita, har tsakiyar 2004. Cutar ta farfaɗo, ta ƙetare iyaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka gurgunce. Sai a watan Agusta 2020 aka shaida Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta ta daji. Waɗanda aka ɗiga wa maganin a baki a waɗancan shekaru, ga su nan cikinmu suna goyon 'ya'yansu.

Wannan allura kuwa ba a kanmu aka fara ta ba. Shekara 17 Turawa suna yi wa 'ya'yansu, da kuɗi mai yawa, kafin ta iso mana kyauta. In akwai abin kuka, jinkirin ne. Zuwa 2022 an rarraba fiye da allura miliyan 500 cikin duniya, masu lura da lafiyar magunguna kuma sun bincika maganar haihuwa musamman, ba su sami alamar tana hana ta ba. 'Yan matan da aka yi wa a Ostareliya a 2007, da yawa iyaye ne yau. Abin da ke raba mace da haihuwa shi ne ciwon kansa, gama sau da yawa maganinsa sai an cire mahaifa ko an ƙone wurin da haske. Sa'ad da aka buɗe aikin a Nijeriya, ministan lafiya na lokacin, Muhammad Ali Pate, ya faɗa a fili cewa 'ya'yansa mata huɗu duka an yi musu ita.

Ba na ce ba ta da wahala ko kaɗan ba. Dantse ya kan yi ciwo ko ya kumbura kwana ɗaya ko biyu. Wata ta kan yi ɗan zazzaɓi ko ciwon kai. Wata ta kan suma, yawanci don tsoron allura, shi ya sa a kan ce yarinya ta zauna minti 15 kafin ta tashi. Akwai wadda jikinta za ya ƙi maganin da ƙarfi nan take, amma wannan bai fi mutum biyu cikin miliyan ba, ma'aikatan kuma suna riƙe da maganinsa. Ba a yi wa mai ciki, mai zazzaɓi mai zafi kuma a kan jira ta warke. Ƙasar Japan ta gwada hanyar tsoro. A 2013, bayan an yi ta nuna waɗansu 'yan mata marasa lafiya a talabijin, gwamnati ta daina kiran iyaye su kawo 'ya'yansu. Masu karɓa suka faɗo daga wajen kashi 70 cikin 100 zuwa ƙasa da 1. Aka bincika, ba a tabbatar allurar ce ta jawo ciwon ba, a 2022 gwamnati ta koma kira. Amma 'yan matan shekaru taran nan sun riga sun girma, da yawa ba tare da tsaro ba.

Tsofaffinmu da ke da tabon lamba a dantse za su iya ba da labari. Sun ga agana tana shiga gari ta bar makafi da kaburbura, sun kuma ga mutane suna gudu daji don kada a yi musu lamba. A 1980 aka shaida agana ta ƙare a duniya duka. Yaranmu na yau ko sunanta ba su sani ba.

Ku iyaye mata, akwai magana dominku, gama allurar 'ya'yanku ba ta tsare ku. Tun da ciwon ya kan yi shekaru yana tahowa, ana iya ganin farkonsa a kashe shi tun bai zama sankara ba. Mace mai shekara 30 zuwa sama ta je a duba bakin mahaifarta ko ba ta jin kome, mai ƙanjamau kuwa tun daga 25. A wurare da yawa ma'aikaciyar jinya ce ta ke yi, da ɗan ruwan tsami da fitila, cikin 'yan mintoci. In kin ga jini bayan kwana da mijinki, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, kada ki jira girbi, kada ki ɓoye. Ba lalle sankara ce ba, amma likita ne za ya faɗa. Waɗanda aka yi wa allurar ma, in sun kai shekarun, sai su je a duba su, gama ba kowane irin ƙwayar ta ke tsarewa ba.

Ku maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Ta wurinmu ƙwayar ta ke yawo, mu ma kuwa ta kan sa mana sankara a gaba, da dubura, da maƙogwaro, ko da ya ke bai kai na mata yawa ba. Shi ya sa waɗansu ƙasashe su ke yi wa yara maza ma. In matarka ta ce tana ganin jini, ba ranar tuhuma ba ce, ranar neman kuɗin mota ce. In likita ya ce ƙwayar nan ce, wannan ba shaidar cin amana ba ne, gama tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa, ba mai iya cewa daga wa ta fito ko yaushe.

Ba na ɗora wannan a kan kowa kamar doka. Ba sharaɗin cin jibin Ubangiji ba ne, kada kuma wata ekklesiya ta hori iyaye don sun yi ko don sun ƙi. Amma tun da an tambaye ni, ba zan ɓoye ra'ayina ba. Na gaya wa dattijon nan, da 'yata ce, da na sa hannu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, in ta tambaye ni ta mece ce, me zan ce mata?" Na ce ya gaya mata gaskiya daidai shekarunta, allura ce mai tsare mata daga wani mugun ciwo da kan kama mahaifa in sun girma. Sauran bayani uwarta za ta yi mata sa'ad da lokaci ya yi, tare da dukan abin da uwa Kirista ta kan koya wa 'yarta. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce sai ya yi shawara da uwar ɗakinsa tukuna. Na ce haka ya kamata, na kuma roƙe shi, in sun zauna, ya tambaye ta ko ita kanta an taɓa duba ta.